Dala Biyu a Dala Ɗaya: Tarihin Babban Bankin Barbados

Barbados wani ɗan tsibiri ne a gabashin yankin Karibiyan, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 430 ba, jama'arsa kuwa ba su kai dubu ɗari uku ba. Amma akwai wani abu da ya sa masana tattalin arziki ke yawan ambatonsa. Tun watan Yulin 1975 ake canza dalar Amurka ɗaya a kan dalar Barbados biyu, kuma har yau farashin bai motsa ba. Mai karatu zai so ya san yadda aka yi haka ta yiwu.

Lokacin da ƙasar ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1966, ba ta da kuɗin kanta. Tana amfani ne da dalar haɗin gwiwa ta tsibiran gabashin Karibiyan. A 1972 gwamnatin Errol Barrow ta kafa Babban Banki a Bridgetown, aka naɗa Courtney Blackman gwamnansa na farko, sannan a 1973 aka fito da sabuwar dalar. Da fari an ɗaure ta ne da fam na Ingila, amma da darajar fam ta shiga tangal-tangal, sai aka koma ga dalar Amurka.

To, yaya ake riƙe irin wannan farashi? Doka kaɗai ba ta isa ba. Idan ɗan kasuwa zai shigo da shinkafa ko man fetur, zai kai dalar gida banki ya nemi ta Amurka. Muddin Babban Banki yana da ita a ajiye, zai sayar a kan biyu da ɗaya, kowa ya kama gabansa. Ranar da rumbun ya ƙare kuwa, sai a koma kasuwar bayan fage, farashin gwamnati ya zama rubutu a takarda kawai. Rumbun nan yana cika ne daga kuɗin masu yawon buɗe ido, da kamfanonin ƙetare, da ɗan abin da sukari ke kawowa. Babbar ɓarakarsa ita ce buga kuɗi, domin a ƙasar da ke sayo mafi yawan abincinta da makamashinta daga waje, duk sabuwar dalar da ta shiga aljihun mutum, ba da jimawa ba za ta nemi hanyar fita.

An ga gaskiyar wannan a 1991. Gwamnati ta kashe fiye da abin da take samu, baƙi suka ragu, ajiyar ta kusa ƙarewa. Aka nufi Asusun Ba da Lamuni na Duniya, inda maganin da aka saba bayarwa shi ne karya darajar kuɗi. Gwamnatin Erskine Sandiford ta ƙi. A maimakon haka ta zabtare kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikatan gwamnati, ta kuma sallami wasu. Hujjarta ita ce, karya darajar kuɗi ma rage albashi ne, sai dai a ɓoye yake zuwa, ta hanyar tsadar kaya, kuma ba wanda ya san inda zai tsaya. Ma'aikata ba su karɓi wannan bayani da hannu biyu ba. Dubbai suka fito zanga-zanga, har maganar ta kai kotu. Sai a 1993 gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kasuwa suka sa hannu a yarjejeniyar taƙaita ƙarin albashi da farashi. Dalar ta tsira, amma jam'iyyar Sandiford ta faɗi zaɓen 1994.

Abin mamaki, bankin da ya ga wannan da idonsa shi ne ya faɗa tarkon daga baya. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, giɓin kasafin kuɗi ya yi ta faɗaɗa, bankin kuma ya riƙa sayen takardun bashin gwamnati da sabon kuɗi. Gwamnan bankin na lokacin, DeLisle Worrell, ya fito fili ya yi gargaɗi cewa dole a daina, aka kuwa sauke shi a watan Fabrairun 2017. A ganina, a nan ne raunin tsarin ya bayyana, wato mai tsaron rumbu yana ƙarƙashin ikon mai ɗibar hatsi.

Da Mia Mottley ta hau mulki a watan Mayun 2018, ta sanar cewa bashin ƙasar ya kai wajen kashi 175 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara. Ta dakatar da biyan 'yan kasuwar ƙetare da ke bin ƙasar bashi, ta sake komawa ga Asusun. A wannan karon masu bin bashi ne suka ɗauki babban kaso na asarar, cikinsu har da 'yan fansho da suka zuba ajiyarsu a takardun gwamnati, da shi kansa Babban Bankin, wanda aka soke kaso mai yawa na kuɗin da yake bi. A 2020 majalisa ta zartar da sabuwar dokar banki, wadda ta ƙara masa 'yancin gudanarwa, ta kuma taƙaita rancen da zai iya bai wa gwamnati.