Sake Sarrafa Shara a Makarantun Gwamnati

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa fita koyarwar gwaji ya san yadda harabar makaranta take kasancewa bayan hutun tara: ledojin ruwa, da ɓawon rake da na gyaɗa, da takardun da aka yage daga littattafai. Abin da aka saba shi ne a sa 'yan latti su share, a tara a bayan azuzuwa, a cinna wuta. Hayaƙin leda kuwa yana ɗauke da guba mai cutar da huhu, wadda ba a ƙona ba kuma takan toshe magudanan ruwa da damina, ko dabbobi su haɗiye ta su lalace. A wannan babi za a yi bayanin yadda makaranta za ta kafa shirin sake sarrafa shara, da yadda za ta tafiyar da shi ya ɗore.

2.0 Ma'anar Sake Sarrafa Shara

Hausa ta bambanta shara da bola. Shara ita ce abin da tsintsiya ta tattaro, bola ko juji kuwa wurin da ake zubar da ita ne. Sake sarrafa shara na nufin tare abin da aka gama amfani da shi kafin ya kai bola, a mayar da shi wani abu mai amfani. Ya sha bamban da sake amfani da abu yadda yake. Wanda ya zuba man gyaɗa a gorar lemo sake amfani ya yi, amma idan aka niƙa gorar aka narkar aka ƙera wani kaya, to an sake sarrafa ta.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar takin juji daga birni zuwa gonakinsu. Masu zubin tukwane suna narkar da tsohon alminiyum, wasu kuma suna yanka tsohuwar taya su yi takalma da guga. Kalmar jari-bola ita kanta shaida ce, domin ta haɗa jari da bola, wato abin da wani ya yar shi ne uwar kuɗin wani. Saboda haka malami zai ɗora darasinsa ne a kan abin da yara suka riga suka gani a unguwanninsu.

3.0 Matakan Kafa Shirin

A shekarar 1994 aka ƙaddamar da shirin Eco-Schools a Turai, wanda daga baya ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa. Ginshiƙinsa shi ne a kafa kwamitin da ɗalibai ke ciki, a binciki halin da makaranta take ciki, sannan a tsara aiki. Matakan da ke tafe sun yi la'akari da wannan, tare da yanayin makarantunmu.

3.1 Kafa Kwamiti

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da amincewar shugaban makaranta, sai a kafa kwamiti mai ɗauke da malamai biyu, da wakilin ɗalibai daga kowane aji, da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai, da maigadi, da wakilin masu talla a bakin makaranta. Kada a raina waɗannan biyun na ƙarshe. Maigadi ne ke tare da kayan bayan an tashi, masu talla kuma daga hannunsu mafi yawan leda ke shigowa.

3.2 Binciken Shara

Kafin a sayi ko da kwando ɗaya, a tara sharar mako guda, a rarraba ta gida-gida, a auna kowane kashi a sikeli, a rubuta. Wannan ne zai nuna abin da makarantar take zubarwa. Makarantar kwana za ta tarar ragowar abinci ya fi yawa, ta jeka-ka-dawo a birni kuwa leda da takarda, ta ƙauye kuma ganye da kara.

3.3 Nemo Mai Karɓa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ruhin shirin. Sau da yawa akan yi bikin ƙaddamarwa, yara su yi ta tara kaya da zumuɗi, ɗakin ajiya ya cika, sai a rasa inda za a kai su. Daga ƙarshe a fito da su a ƙona a gaban yaran da suka wahala wajen tsincewa. Irin wannan ya fi rashin farawa illa, domin darasin da yaro zai ɗauka shi ne duk abin wasa ne. Ƙa'idar ita ce kada a tara abin da ba a san mai karɓarsa ba. Kwamiti ya je wurin dillalan jari-bola na garin, ya tambayi irin kayan da suke saye, da farashin kilo, da mafi ƙarancin nauyin da zai sa su zo su ɗauka da kansu. Gwangwanin alminiyum ba ya kwantai, saboda narkar da shi na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo daga ma'adini. Gorar roba da kwali ma suna da kasuwa a manyan birane. Ledar ruwa kuwa ba ta da nauyi, sai an tara buhuna kafin ta yi kilo na kirki, kuma ba kowane gari ke da masu sayenta ba. Haka nan ya dace a sanar da hukumar kwashe shara ta jiha, kamar REMASAB a Kano, domin ɗaukar abin da ya rage.

3.4 Rarrabewa Tun Daga Aji

Takardar da ta jiƙe da miya ta tashi daga aiki. Don haka a raba shara tun lokacin yar da ita. Ba sai an kashe kuɗi ba: tsofaffin buhuna da kwalaye da rabin durom sun isa. A tanadi mazubi uku ko huɗu, na takarda, da na roba da leda, da na gwangwani, da na abin da ke ruɓewa. A rubuta sunan kowanne da Hausa, a kuma ɗaura samfurin abin a jikinsa saboda 'yan aji ɗaya da ba su iya karatu ba tukuna.

3.5 Ramin Taki

Abin da ke ruɓewa ba ya buƙatar dillali. A haƙa rami a inuwa nesa da azuzuwa, a riƙa shimfiɗa busasshen ganye, a bi shi da ragowar abinci da kashin dabbobi da ɗan toka, a yayyafa ruwa. Idan ana juyawa duk bayan mako biyu ko uku, cikin kamar wata uku zai zama taki na lambun makaranta da bishiyoyinta.

4.0 Tafiyar da Shirin

Kafa shiri ya fi riƙe shi sauƙi. Abu na farko shi ne amanar kuɗi. Duk abin da aka sayar a rubuta nauyinsa da kuɗinsa a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta a taron safe. A kashe kuɗin a kan abin da yara za su gani da idonsu, kamar alli ko sabulu ko ƙwallo. Ranar da aka fara raɗe-raɗin cewa wani malami na cin gumin yara, ranar shirin ya mutu.

Na biyu shi ne lafiyar yara. Kada a bar su taɓa allura ko reza ko fasasshiyar kwalba ko batir ko robar maganin ƙwari. A samar da safar hannu, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Kada kuma gasa tsakanin azuzuwa ta kai yara ga tonon jujin unguwa; sharar makaranta kaɗai ake nufi.

Na uku shi ne ajiya. Gora da gwangwanin da suka tara ruwan sama gidan sauro ne, takarda kuma abincin gara ce, ga haɗarin gobara da hunturu. A ajiye kaya a rufe, a bisa katako, a kwashe kafin kowane hutu. Takardun da ke ɗauke da sunaye da sakamakon ɗalibai a yayyaga su tukuna, don kada a wayi gari an ga an ƙunshe ƙosai da su.

Na huɗu, kada a mayar da aikin horo. A makarantun Japan ɗalibai ne ke share azuzuwansu a wani lokaci da aka keɓe, kowa da kowa, a matsayin tarbiyya. Idan mai laifi kaɗai ke tsintar leda, yaro zai tashi yana ganin tsafta wulaƙanci ce.

5.0 Rawar da Malamin Hausa Zai Taka

Shirin fage ne na koyar da harshe. Ɗalibai za su iya rubuta insha'i a kan ziyarar da suka kai wa masu zubin tukwane, ko wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, ko rahoton binciken shara. Za a iya tattara kalmomin sana'ar jari-bola a nazarci ƙirarsu, a kuma shirya muhawara ko wasan kwaikwayo ranar 5 ga Yuni, wato Ranar Muhalli ta Duniya.

6.0 Kammalawa

An ga cewa shirin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne a san mai karɓar kaya kafin a tara, a rarrabe tun daga aji, a kuma tsare amana. Kuɗin da za a samu kaɗan ne, babbar ribar ita ce ɗabi'ar da yaro zai tafi da ita gida, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

7.0 Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin sake amfani da abu da sake sarrafa shi, tare da misalai biyu-biyu.
2. Me ya sa ake nemo mai karɓar kaya kafin a fara tarawa?
3. Tsara darasin insha'i na minti 40 ga 'yan aji biyar a kan sharar makarantarsu.