Motar da ta mutu a titi: abin da ake faɗa da abin da doka ta ce

Tun watan Oktoban 2024, da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na babban birnin tsayar da motoci, da kama su, da cin tarar direbobi, wata magana ta bazu a tashoshi da gareji: wai yanzu ba mai ikon taɓa motar kowa. Hukuncin gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Ƙarar ba ta shafi Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ba, ba ta kuma shafi KAROTA a Kano ba. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta ɗora wa jami'anta, wato 'yan rod sefti, aikin kawar da duk abin da ya tare babbar hanya, kuma wannan iko yana nan.

Daga nan sai uzurin da direbobi suka fi riƙewa: ai lalacewa ta yi, ba da gangan ba ne. Lalacewar mota ba laifi ba ce, ƙwarai. Barinta a kan kwalta shi ne laifin, haka ma rashin ajiye jar alamar nan mai kusurwa uku. Ganyen da ake karyowa a watsa a hanya ba ya maye gurbinta. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin tirelar da ta kwana a tsakiyar titi ba fitila, mai ƙaramar mota da ya taho da daddare ba ya ganinta sai ya shige ƙarƙashinta, ga fasinjoji cike. Idan janye ta ya gagara, akwai lambar 122 ta 'yan rod sefti, kiran kuma kyauta ne.

Masu cewa da an ja mota ta tafi ke nan, sun yi ƙari. Dokar ta tanadi kuɗin ajiya, Naira 200 a kowace rana, ta kuma ba mai mota wata shida ya zo ya karɓi abinsa. Sai wa'adin ya cika ne hukumar za ta iya neman izinin babbar kotu ta yi gwanjonta, kuɗin ya shiga baitulmalin gwamnati. Ba jami'in da ke da hurumin sayar da ita shi kaɗai.

Akwalar da ta shekara a lungun unguwa, tayoyi sun nutse a ƙasa, yara na wasa a ciki, ita ma tana da mai ita. Daɗewa ba ta mayar da ita ta mai gidan da take ƙofarsa ba, kuma kwance mata batir ko sayar da ƙarfenta ga 'yan gwangwan sata ce. Ko tsintuwa a shari'ar Musulunci sai an yi cigiyarta shekara guda. Idan irin wannan mota ta dame ku, ku sanar da mai unguwa da 'yan sanda su nemo mai ita, domin ba mamaki ta sata ce aka yar a wurin.