Kofin Aski da Zabirar Wanzami: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Wanzami a Diggi ko kasuwar Kalgo ba ya neman kaya da yawa: zabira a kafaɗa, aska, dutsen wasawa, ɗan ƙoƙon ruwa. Ya jiƙa kai da tafin hannu, ya murza, kafin ka ankara ya yi maka ƙwal-kwabo. To, ashe wannan ɗan ƙoƙon yana da 'yan'uwa masu tarihi a ƙasashen Turawa.

A Amurka, daga wajen 1870 zuwa 1920, duk mai zuwa aski a kai a kai yana da kofinsa na tangaran a shagon wanzami. Jere suke a kanta, kowanne da sunan mai shi da ruwan zinari, wasu har da zanen sana'arsa: mahauci da sa, maƙeri da uwar maƙera, direban jirgin ƙasa da jirginsa. Yawancin kofunan farare ake shigo da su daga Jamus da Faransa, a Amurka ake yi musu ado. Ba gayu kaɗai ya kawo haka ba. Tsoron ƙurajen haɓa ne, don mutane sun ɗauka sabulun haɗaka ke yaɗa su. Yau masu tara kayan tarihi na sayen wasu a kan dubban daloli.

Akwai kuma wani irin kofin aski mai baki kamar buta: ruwan zafi a ƙasa, sabulu a sama kan 'yan huji, a tsoma buroshi a tada kumfa mai ɗumi.

Rezar Gillette, wadda aka yi wa rajista a 1904, ita ta karya kasuwar kofunan. Sojojin Amurka sun dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da ita a jaka, mutane da yawa suka koma aski a gida.

Ba aski kaɗai ne aikin wanzami ba: wanzaman Ingila a da sun yi fiɗa da cire haƙori; ƙungiya ɗaya suke da likitocin tiyata daga 1540 har 1745. Namu a ƙasar Gwandu har gobe suna ƙaho, kaciya, cire beli da askin suna, ga sarautar Sarkin Aska.

Ni dai dabarar kowa da kayansa ce ta fi burge ni. Ciwon hanta da ƙanjamau na bin aska mai jini. Mai karatu, in za ka wurin wanzami, ko za a yi wa jaririnka askin suna, tafi da sabuwar reza.