Ƙarin ruwa a kwaɓin beto: sauƙi yau, asara gobe

Ranar zuba dal a wuraren gini na Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ba a rasa jin magini yana cewa a ƙara ruwa. Yana da dalili: kwaɓi mai laushi ya fi sauƙin ɗauka da zubawa, yana kuma ratsa tsakanin ƙarafa ya cika katakon da aka kafa. Idan ya yi tauri da yawa, sai a tarar da ramuka kamar saƙar zuma bayan an cire katako.

Sai dai laushin da ruwa ya kawo yana da tsada. Siminti ba ya buƙatar fiye da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa na ruwa don ya kama. Sauran yana taimaka wa aiki ne kawai, daga baya ya ƙafe ya bar ƙananan kofofi a cikin beton. Yawan kofofin shi ke rage masa ƙarfi, ya kuma buɗe wa damshi hanya har ƙarafa su yi tsatsa. Wani Ba'amurke, Duff Abrams, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1918.

Ma'aunin da injiniyoyi suka saba bi don dal da ginshiƙai shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50, da ruwa wajen lita 175. Ke nan buhu ɗaya, na Malbaza ne ko na waje, lita 25 ke isar shi. Da damina, yashi jiƙaƙƙe ya riga ya zo da nasa ruwan, dole a rage.

Ana auna laushin kwaɓi da wani mazurari na ƙarfe mai tsayin santimita 30. A cika shi hawa uku, kowane hawa a soka sandar ƙarfe sau 25, a ɗaga mazurarin a tsaye, sannan a auna yadda kwaɓin ya zauna. Zaman santimita 10 zuwa 15 ya wadatar ga yawancin gine-ginen gida. Idan ya baje kamar kunu, ruwa ya yi yawa.

Akwai hanyoyin samun laushi ban da ruwa: yashi mai tsabta marar laka, tsakuwa mai girma daban-daban, kwaɓawa sosai, da sinadarin sassauta beto. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, kwaɓi na saurin ƙandarewa, don haka gara a zuba da sassafe ko da yamma, a kuma kwaɓa daidai abin da za a iya zubawa nan take.

Inda beto ke son ruwa shi ne bayan ya kama. Mai gida ya tabbatar ana shayar da dal ɗinsa safe da yamma aƙalla kwana 7, domin sai a kwana 28 ne ake lissafa ƙarfinsa.