Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da "Sound! Euphonium" Kafin Ku Zauna Kallonsa

Yawancin matasanmu da ke kallon fina-finan zane na Japan, waɗanda ake kira anime, sun fi sanin masu faɗa da tsalle-tsalle irin su Naruto da Dragon Ball. Akwai wani iri daban da ba a zare takobi a cikinsa, ba a kuma ceton duniya. Labarin 'yan makaranta ne da ke girma sannu a hankali suna koyon wani abu mai wuya. Cikin wannan rukuni, wanda na fi ganin ya cancanci a yi magana a kansa shi ne "Sound! Euphonium", wanda Jafanawa ke kira "Hibike! Euphonium".

Kamfanin Kyoto Animation ne ya fitar da shi a 2015, Tatsuya Ishihara ya ba da umarni, an kuwa ɗauko labarin daga littafin da marubuciya Ayano Takeda ta wallafa a 2013. Zango na farko kashi 13 ne, kowane kashi kamar minti 24. Na biyu ya fito a 2016, na uku sai a 2024. Labarin yana gudana ne a garin Uji da ke kusa da Kiyoto, garin da ya yi suna wajen ganyen shayi. Kumiko Oumae yarinya ce da ta shiga ajin farko na babbar sakandaren Kitauji, ta kuma shiga ƙungiyar masu busa ta makarantar. Kayansu irin na 'yan badujala ne, wato ƙahonin ƙarfe da sarewa da ganguna. Nata abin busar shi ne yufoniyam, ƙaton ƙaho da ake rungumewa a ƙirji, mai kauri da taushin murya, wanda ba kasafai mai sauraro ke lura da shi ba domin yana can ƙasa yana tallafe da sauran.

Gasar masu busa babban al'amari ce a makarantun Japan. Ana farawa daga matakin lardi, a haura na yanki, sannan na ƙasa baki ɗaya. A babban rukuni na sakandare ba a yarda ƙungiya ta haura mutum 55 a kan dandamali ba, kuma minti 12 kacal ake ba ta ta busa kiɗa biyu. Akwai wani abin takaici a tsarin: makaranta na iya samun lambar zinariya amma ba a zaɓe ta ta wuce mataki na gaba ba. Da wannan aka buɗe fim ɗin. Ƙungiyar su Kumiko ta ƙaramar sakandare ta sami irin wannan zinariya, kowa yana murna, sai wata yarinya mai suna Reina Kousaka tana kuka don baƙin ciki. Kumiko ta yi suɓul da baka, ta tambaye ta ko da gaske ta zaci za su kai gasar ƙasa. Duk abin da ya biyo baya labari ne na yadda wannan yarinya mai tsoron sa rai ta koyi son abu da dukan zuciyarta, har ya zama ita ma tana iya yin kuka a kansa.

Ga inda ƙarfin fim ɗin yake. Sabon malami, Noboru Taki, mutum mai fara'a da laushin murya amma marar sassauci, ya sa ɗalibai su zaɓa da kansu: ko su yi busa don nishaɗi, ko su nemi zuwa gasar ƙasa. Suka ɗaga hannu suka zaɓi gasar ƙasa ba tare da sun auna nauyin maganar ba. Shi kuwa ya riƙe su da maganarsu. Ya soke tsohuwar al'adar da ke ba 'yan ajin ƙarshe kujera saboda sun riga shiga, ya kawo gwajin tantancewa. Daga nan rigima ta tashi. Akwai wurin da mai turampet ɗaya zai busa shi kaɗai, sai Reina 'yar ajin farko ta doke Kaori Nakaseko 'yar ajin ƙarshe, wadda kowa ke ƙauna, wadda ta riƙe ƙungiyar lokacin da take neman wargajewa, kuma wannan ce damarta ta ƙarshe. Magoya bayanta suka ce malam ya yi son kai tunda ya san Reina tun da can. Aka sake gwajin a gaban kowa a cikin babban zaure.

Abin da ya burge ni shi ne ba a mai da kowa mugu ba. Kaori ta iya busa, kuma ta cancanci a tausaya mata. Reina ta fi ta iyawa, amma tana da girman kai da kaifin harshe. Mu da muka tashi cikin tarbiyyar girmama na gaba mun san nauyin wannan tambaya: idan ƙarami ya fi babba ƙwarewa, wa za a ba? Fim ɗin bai yi gaggawar amsawa ba. Ya bar mai kallo ya zauna da ɓangarorin biyu har zuciyarsa ta rabu, sannan ya bar Kaori da kanta ta yanke hukunci bayan ta ji busar Reina da kunnenta.

Jan jikin da labarin ke yi ba ganganci ba ne. Koyon kiɗa maimaici ne, fim ɗin kuma ya yarda ya nuna shi haka: ɗaliba ita kaɗai a bayan ginin makaranta tana nanata layi ɗaya, ana goge ƙaho, ana daidaita numfashi, ana jiran sakamako. A kashi na 12 Kumiko ta yi ta fama da wani wuri mai wuya cikin zafin bazara har haɓo ya ɓalle mata, duk da haka malam ya cire ta daga wurin ya bar wa Asuka, babbarta a ƙungiyar. Da daddare ta ruga a guje a kan gadar kogin Uji tana kuka tana cewa tana so ta ƙware. Da an zo da wannan a kashi na 3 da bai taɓa kowa ba. Zanen ma abin kallo ne, domin yatsun masu busa suna tafiya daidai da sautin da ke fita, ɗaliban kwalejin kiɗa ta Senzoku Gakuen ne kuwa suka busa ainihin abin da ake ji. Da kunnenka za ka gane bambancin busar farko mai warwatse da ta ranar gasa.

Amma yana da aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Kashi huɗu ko biyar na farko sun cika nawa, mutum na iya gajiya ya kashe kafin a kai wurin da abin ya kankama. 'Yan wasan sun yi yawa, sunaye na ta zuba, har ƙawayen Kumiko biyu da aka fara tafiya da su, Hazuki mai busa ƙahon tuba da Midori, suka koma gefe aka kusan mantawa da su. Soyayyar Kumiko da Shuichi, abokinta tun ƙuruciya, ba a ba ta ruwa ba, sai ga ta ta tsiro can gaba ba shiri. Abin da ya fi damuna shi ne son da Reina ke yi wa malaminta. Malamin bai taɓa ba ta fuska ba, amma an ja zancen ya yi tsawo, ya kuma rage wa yarinyar daraja, ita da aka fara nuna mana a matsayin mai son kiɗa don kiɗa.

Akwai kuma rashin daidaito a rabon lokaci. Shekarar Kumiko ta farko ta ci kashi 26, amma mafi yawan shekara ta biyu an dunƙule shi a fim guda na 2019, sababbin ɗalibai suna shigowa da damuwarsu ana sallamarsu cikin hanzari. A zango na uku kuwa, inda Kumiko ta zama shugabar ƙungiya, an fi ba hira da saɓani fili, sau da yawa a tsallake busar gasa gaba ɗaya, abin da ya ɓata wa masu kallo da dama rai. Tsakanin waɗannan ayyuka ne aka cinna wa ɗakin aikin Kyoto Animation wuta a ranar 18 ga Yuli, 2019, mutum 36 suka rasu. Waɗanda suka tsira ne suka ƙarasa labarin.

Iyaye su sani cewa babu zubar da jini a ciki, amma shigar 'yan makarantar Japan gajerun siket ne, akwai wurin wanka da kayan ninkaya a zango na biyu, kuma shaƙuwar Kumiko da Reina an zana ta da kusancin da masu kallo suka daɗe suna muhawara a kan ma'anarsa. Gara babba ya fara dubawa kafin ya miƙa wa yaro. Wanda zai kalla ya bi shi a jere daga zango na farko, ya kuma ba shi aƙalla kashi takwas kafin ya yanke hukunci. Bayan zango na biyu sai ya nemi "Liz and the Blue Bird" na 2018, wanda Naoko Yamada ta ba da umarni, kan wasu ɗalibai biyu na wannan ƙungiya, ɗaya mai sarewa ɗaya mai obo. Ya fi duk sauran tafiyar hawainiya, kuma a ganina ya fi su kyau.