Arahar haya, tsadar hanya: Lissafin ma'aikacin Abuja da ke kwana a Keffi

Kafin ladan ya kira assalatu, fitilun motoci sun riga sun yi jerin gwano a kan titin da ya tashi daga Keffi zuwa Abuja. A Uke da Auta Balefi da Masaka ana ƙara ɗaukar fasinjoji, a Mararaba kuma tafiyar sai ta koma rarrafe. Mafi yawan waɗanda ke cikin motocin nan ma'aikata ne: akawu da direbobi da malaman jinya da masinjoji da hadiman manya, kowa na fatan ya sa hannu a rajistar ofis kafin ƙarfe takwas. Tsakanin Keffi da tsakiyar Abuja kimanin kilomita 50 ne, tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan hanya a buɗe take, amma a safiyar Litinin takan ci awa biyu ko fiye.

Shekaru da dama lissafin mai sauƙi ne: ka yi aiki inda albashi yake, ka kwana inda haya ke da araha. Yau lissafin ya rikice.

Yadda aka kai ga haka

Keffi ta girmi Abuja nesa ba kusa ba. Abdu Zanga, Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa ta wajen shekarar 1800, ta kuma zauna ƙarƙashin Zazzau. A nan ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, lamarin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na auka wa Kano a 1903. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatun sakandare. Amma abin da ya sauya makomar garin ya zo ne daga yamma, lokacin da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamban 1991.

Da farko gwamnati ce ke bai wa ma'aikata da yawa muhalli. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa tsabar kuɗi, aka shiga sayar da gidajen gwamnati, aka bar ma'aikaci ya nema wa kansa matsuguni. A daidai wannan zamani ne rusau ya yi ƙamari a unguwannin Abuja, ƙarƙashin ministan birnin na lokacin, Nasir El-Rufai. Dubban iyalai suka tsallaka iyaka zuwa Jihar Nasarawa. Mararaba ta cika, Masaka ta cika, jama'a suka ci gaba da matsawa gabas har suka iso Keffi, inda Jami'ar Jihar Nasarawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya suka riga suka tara nasu mutanen.

Ranar da lissafi ya karye

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, sannan Naira 617 a watan Yuli, ta kuma haura Naira 1,000 a Oktoban 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban wannan shekarar. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka ɗaga daga Naira 30,000 a Yulin 2024, a Naira 70,000 ya tsaya.

A ɗauki misalin ma'aikacin da ke da 'yar motarsa. Zuwa da dawowa kilomita 100 ne a rana, wato 2,000 a ranakun aiki 20 na wata. Idan lita guda tana kai shi kilomita goma, yana buƙatar lita 200. A farashin Naira 1,000, kuɗin mai kaɗai ya tashi Naira 200,000, kusan ninki uku na mafi ƙarancin albashi, ba a zo maganar bakanike da taya ba. Shi ya sa motocin gida da yawa suka koma kabu-kabu safe da yamma, mai mota na ɗiban fasinja don ya rage zafi. Wasu sun jingine motar gaba ɗaya. Wasu kuma suna rakuɓewa wurin 'yan uwa ko abokai a Abuja daga Litinin zuwa Juma'a, yara ba sa ganin mahaifinsu sai ƙarshen mako.

Komawa cikin birni ma ba mafita ba ce ga ƙaramin ma'aikaci. Mai gida yana neman kuɗin shekara guda cur a dunƙule, wani har biyu, ga la'adar dillali, ga kuɗin lauya. Wanda ya gudu daga tsadar haya ya faɗa tsadar hanya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Su ma 'yan gari ba su tsira ba

Kuɗin Abuja sun kawo wa Keffi albarka, wannan ba abin musu ba ne. Gonaki sun zama fulotai, magina da masu buga bulo da 'yan kasuwa sun samu ciniki. Sai dai farashin haya da na fili yanzu yana bin aljihun mai albashin tarayya da na iyayen ɗalibai, ba na malamin firamare ko ƙaramin ɗan tireda na cikin gari ba. Manomin da ya sayar da gonar gado ya ci kuɗin sau ɗaya, 'ya'yansa kuma za su sayi doya da masara a kasuwa har abada.

Akwai kuma batun haraji. Doka ta ce harajin albashi na jihar da mutum ke zaune ne, ba inda yake aiki ba. Gwamnatocin Nasarawa sun daɗe suna kokawa cewa suna ɗauke da nauyin makarantu da asibitoci da sharar mutanen da harajinsu ba ya isowa Lafiya yadda ya kamata.

Darasi daga nesa

Wannan ba ciwon ƙasashe matalauta kaɗai ba ne. Ƙasar Ayilan, maƙwabciyar Birtaniya, ta bunƙasa tun daga shekarun 1990, har kamfanoni irin su Google da Facebook suka kafa hedikwatarsu ta Turai a babban birninta, Dablin. Duk da haka sabuwar haya a birnin ta haura Yuro 2,000 a wata, malamai da ma'aikatan jinya da dama sun koma garuruwan kewaye, kuma waɗanda ke kwana a matsugunan gaggawa a faɗin ƙasar sun zarce mutum 15,000 a Nuwamban 2024. Arzikin birni ba ya gina wa ma'aikaci gida da kansa. Bambancin shi ne, da yawa daga garuruwan da ke kewaye da Dablin suna da jirgin ƙasa.

Jirgin cikin birnin Abuja, wanda aka sake buɗewa a Mayun 2024, yana zuwa filin jirgin sama da ɓangaren Kubwa, amma bai leƙo Nyanya da Mararaba ba, balle Keffi, alhali nan ne hanyar da ta fi tara ma'aikata. Faɗaɗa titi yana rage cunkoso na ɗan lokaci, amma ba ya rage kuɗin mai.

Akwai kuma Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda tun 1992 ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, da alkawarin rancen gina gida mai ruwa kashi shida. Ma'aikata da yawa sun shafe shekaru suna zubi ba tare da sun taɓa duba abin da suka tara ba, ballantana su nemi rancen.

Hadiman da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardu sun fi kowa sanin wannan hanya, domin wasunsu a kanta suke wayar gari. Motocin safa masu ɗaukar jama'a da yawa a farashi tsayayye, layin dogo zuwa gabas, da yarjejeniyar haraji tsakanin Abuja da Lafiya, duk abubuwa ne da ke fara rayuwa a matsayin takarda a kan teburin wani. Kafin takardar ta motsa, gobe ma da asuba motoci za su tashi daga Keffi.