Makamin Mai Jinya A Fagen Yaƙin Kwamfuta

Akwai wani wasa da ake yi ta intanet, sunansa World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a shekarar 2004, kana aka sake buɗe shi bisa sifarsa ta farko a 2019, aka kira shi Classic. A kan wannan sifa zancenmu yake. Kowane ɗan wasa yana da jarumi guda da yake juyawa, har mutum 40 kan haɗa gayya su shiga wani kogon wuta da ake ce wa Molten Core. Waɗansu su tare gaba, waɗansu su yi sara, waɗansu kuwa aikinsu jinyar saura, cikinsu har da wanda ake kira Priest.

Shi Priest an hana masa takobi da garkuwa. Abin da aka yarje masa huɗu ne: doguwar sanda, da kulki, da wuƙa, da 'yar tsumagiya mai harbi daga nesa. Sabon shiga kan ɗauki makami ya tambayi zafin dukansa, alhali kuwa mai jinya ba ya kusantar dodo balle ya doke shi. Abin dubawa shi ne rubutun da ke jikin makamin. Gama kowace warkarwa tana cin wani guzurin ƙarfi da suke kira mana, watau shi ne jarin mai jinya, in ya ƙare sai ya tsaya yana kallo. To, wani makami yana faɗaɗa taskar mana, wani yana gaggauta komowarta, wani kuwa yana ƙara wa kowace warkarwa auki. Idan jarin ya ƙare ana tsakiyar yaƙi, mai tare gaba ya faɗi, sauran su bi shi, wahalar daren mutum 40 ta tashi a banza.

Gardamar da ta fi yawa ita ce tsakanin sanda da kulki. Sanda tana cin hannu biyu. Kulki ko wuƙa hannu ɗaya ne, suna barin hagu ta riƙe wani abu, kamar littafi, mai nasa ƙarin. Falke ya san wannan lissafi: ba a gwada sanda da kulki shi kaɗai, sai an tara na dama da na hagu, sa'an nan a auna. Ni dai a ganina mai rena kulki domin ƙanƙantarsa yawanci bai yi wannan tari ba. Ita kuwa tsumagiya gurbinta dabam ne, harbinta ba ya cin mana, ga shi kuma in mutum ya yi daƙiƙa 5 bai kashe mana ba, sai ta shiga komowa sosai.

Amma sandar da kowa ke kwaɗayi ita ce Benediction, mai ƙara 106 ga ƙarfin warkarwa. Ba ta sayuwa a kasuwa. Tilas sai gayya ta yi galaba kan Majordomo Executus a cikin kogon nan, a sami wani ido a akwatinsa, a nemo ido na biyu a wani wuri, kana mai jinya ya tafi ƙasar Eastern Plaguelands a jarraba shi. Can zai tarar da talakawa suna gudu, ana harbinsu, cuta tana cinsu, a ce ya tserar da 50 kafin 15 su mutu. Shi kaɗai zai tsaya. In wani aboki ya sa hannu don tausayi, sai wani baƙin dodo ya fito ya hallaka su, a koma a sake daga farko.